Allurar da Ta Kwanta a Kuseri

Ƙarfe biyun dare, janareta na tari,
ni da dalma a bayan shagon Gonji,
can ƙasa Logon na zuba ruwansa cikin Shari
bai tsaya neman izini ba.

Na'urata om hamsin take magana.
Eriyar da ke kan turke
ta ce ita ɗari biyu ta sani,
ko dala ba ta ragi.
Abin da na aika sama
fiye da sulusinsa ya juyo gida,
ɗan aiken da ya tarar da ƙofa a kulle,
ya dawo ya zauna a ƙirjin taransista
har ta yi zazzaɓi ta mutu.
Uku na binne a gwangwanin madara watan nan.

Malam Abico, Allah ya jiƙan rai,
da yatsunsa masu tabon wuta,
ya ce mini: Yaro, ba ƙarfi ake ƙarawa ba.
Je ka kasuwar shanu ranar Alhamis
ka kalli dillali.
Saniyar ba tasa ba ce, kuɗin ba nasa ba,
tsayuwa kawai yake a tsakani
har hannu ya shiga hannu.
Yanko waya rubu'in zango, ya ce,
kada ta kai girman kan wannan,
kada ta kai ƙanƙan da kan wancan.

Wannan na iya tun ina koyo.
Amma Amsatu ungozoma, daga Logon Birni,
ta zo da wayoyi biyu ƙulle a bakin zane.
Ɗaya ɗari tara take ji,
ɗaya sai dubu da ɗari takwas,
kuma turke ɗaya ne a asibitin,
haihuwa kuwa ba ta tambayar wace waya ce a kusa.

Na yanka don ta farko, ta biyu ta kurumce.
Na rage don ta biyu, ta farko ta yi yaji.
Kwana huɗu ina zarya
kamar mai kwalekwale
da gaɓa biyu ke kiransa lokaci guda.
Shayi ya huce, sauro ya ƙoshi.
Na zagi lissafi, na dawo na ba shi haƙuri.

Sai na tuna matakalar bakin kogi.
Mata ba sa dira daga tudu zuwa ruwa,
dutse biyu suke takawa,
na sama mai faɗi, na ƙasa siriri.
Na shimfiɗa jan ƙarfe gaɓa biyu a kan allo,
kowace da faɗinta, kowace da tsawonta,
abin da ta farko ta mayar baya
ta biyu ta tare shi a hanya ta kashe,
a zangon nan, kuma a wancan.
Na kankare gefe da reza,
kaurin gashi, sai wani kaurin gashi,
numfashina a riƙe.

Na kunna.
Allurar da ke ƙirga abin da ya dawo
ta ɗaga kai, ta yi shawara,
ta kwanta.
Na murɗa zuwa ɗaya zangon.
Ta ɗan motsa, kamar mai barcin da ƙuda ya taɓa,
ta sake kwanciya.
Na ɗora yatsa a kan taransista:
ɗumin ƙwai ne kawai.

Babu wanda ya tafa.
Gonji na minshari a kan benci.
Daga tsallake, kiran assalatu na Injamena
ya haye ruwa ya iso dukansa,
bai bar komai a gada ba.

Gobe Amsatu za ta aiko ɗan acaɓa
da jaka uku da bandar kifi.
Ba za ta buɗe akwatin ba,
ni ma ba zan ce ta buɗe ba.
Malam, ka ji, dillalinka na nan
a kan allon da bai kai tafin hannu ba,
yana sasanta kasuwa biyu
bai karɓi la'ada ba sai ɗan ɗumi.